Ku daina danna "daga baya" idan na'ura ta nemi sabuntawa

'Yan uwana mazauna Yamai, yawancin salula da kwamfutocin da ake kawo mini bayan muguwar manhaja ta shige su, idan na duba sai in tarar sun yi watanni suna neman mizajur, wato sabuntawa, masu su kuwa kullum sai su danna "daga baya". Wannan ɗabi'a ta ishe ni, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

A cikin kowace na'ura akwai kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da ita, kuma masu ƙera ta sun dasa mata masu gadi. A Windows akwai PatchGuard, wanda ke tsayar da kwamfuta ɗungurungum idan ya gano an taɓa kanel ba bisa ƙa'ida ba. A Android, wadda aka gina a kan Linux, akwai SELinux, wanda ke hana manhaja ƙetare iyakar da aka shata mata, ya kuma rubuta yunƙurin da ta yi. Sai dai masu kutse ba sa barci, suna ta neman sabuwar ɓaraka, kuma sabuntawar da kuke gudu ita ce ke toshe ta.

Ɓarakar da ake kira Dirty COW ta yi shekara 9 a kanel ɗin Linux kafin a gyara ta a 2016. A watan Mayun 2017 kuma muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe aƙalla 150, har asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira.

Na san intanet na da tsada, na san wuta na ɗaukewa, Allah ya sani ina tausaya muku. Amma Alhaji, kana da megan kallon bidiyo dare da rana, sai na kare wayar da kake aika kuɗi da ita ne ya gagare ka? Ku kuma samari masu gyara a bakin kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina kashe wa mutane sabuntawa kuna cewa tana nauyaya waya.

Ku cika batir, ku nemi wifi, ku danna "sabunta" a yau, sannan ku bar na'urar ta sake tashi. Kada ku yarda a yi wa wayarku rut, wato a ɓalle iyakokin tsaron da masu ƙera ta suka sa mata. Mai Windows 7 ya sani an daina tallafa mata tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tun Oktoban 2025, don haka ya zo mu duba abin da kwamfutarsa za ta iya ɗauka.