Mene ne "bekarel"?

A rahotannin da suka shafi tururin nukiliya, sau da yawa za ka ga an rubuta Bq a gefen lamba. Bekarel ke nan. An ɗauko sunan daga Henri Becquerel, Bafaranshen da ya gano a 1896 cewa yuraniyam na fitar da wani tururi da ido ba ya gani. Bekarel ɗaya na nufin ƙwayar zarra ɗaya ta fashe cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙidaya ce zalla, ba ita ce ma'aunin illar da jiki zai samu ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Fulutoniyam, wani ƙarfe mai fitar da irin wannan tururi, shi ne ya fi fito da ma'anar fili, domin nau'o'insa ba saurinsu ɗaya ba. Nau'in 239 sai ya shekara kusan 24,100 kafin rabinsa ya ƙare, amma duk da wannan nawar, giram ɗaya na ba da bekarel kusan biliyan 2.3. Nau'in 238 kuwa shekara 87.7 kawai yake buƙata, don haka ya ninka wancan fiye da sau 270, har zafi yake yi. Da wannan zafin ake samar wa motar bincike ta Curiosity lantarki a duniyar Mas.

To, yaya ake ƙirga bekarel ɗin fulutoniyam da ya gauraya da ƙasa? Abin da ke burge ni ke nan. Ƙananan ƙwayoyin da nau'o'in nan ke harbawa idan sun fashe, waɗanda ake kira alfa, ko takarda ba sa iya hudawa, shi ya sa ba a ɗora na'ura kan ƙasa a karanta. Sai an ɗebo ƙasar an kai ɗakin gwaje-gwaje, an narkar da ita cikin asid, an tsame fulutoniyam daga sauran sinadarai. Tun da farko akan zuba sanannen adadi na nau'in 242, domin a gane nawa ya salwanta a hanya. Sannan a yi amfani da lantarki a shimfiɗa abin da aka tace, siriri ƙwarai, a kan faifan ƙarfe mai girman kwabo. A sa shi cikin ɗan akwatin da aka zuƙe wa iska, fuska da fuska da na'urar silikon, a jira. Wani lokaci kwanaki ake yi ana ƙirga ƙwayoyin alfa ɗai-ɗai.

Kowane nau'i da ƙarfin harbinsa, da shi ake gane shi. Sai dai 239 da 240 sun yi kusa har na'urar ba ta iya raba su, shi ya sa ake rubuta su a haɗe, 239+240. Mai son raba su sai ya koma ga na'urar da ke tantance ƙwayoyin zarra ta nauyinsu.