Ambaliya a Sudan: daga ina ruwan yake zuwa, kuma me ya sa yake cin gidaje haka?

Damina, wadda a nan muke kira kharif, tana zuwa wa mutanen Sudan da murna da fargaba a lokaci guda. Manomin Gadarif yana jiranta saboda dawa da riɗi, shi kuwa mai ɗakin ƙasa a bakin kwari da ido ɗaya yake barci daga Yuli har Satumba. Ga tambayoyin da 'yan uwa suke yawan yi mana, na nan da na Najeriya da Nijar masu bugo waya idan sun ga hotuna a Facebook.

Ƙasar da aka sani da sahara, ina ta samo ruwan ambaliya?

Ambaliyar Sudan iri biyu ce, kuma a Larabcin ƙasar kowace da sunanta. Akwai faidan, wato cikar kogi har ya tsallake gaɓarsa. Akwai kuma sel, ruwan da ke gangarowa da gudu ta busasshen kwari bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Ruwan faidan yawancinsa ba a Sudan aka yi shi ba. A kan tsaunukan Habasha yake sauka, ya taru a Shuɗin Nilu wanda ya taso daga tafkin Tana, ya shigo ta Rusairis, ya wuce Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani, sannan ya haɗu da Farin Nilu a Mugran cikin Hartum. Shi ya sa za ka ga rana ƙwal a Mai Wurno, ko ɗigon ruwa ba a yi ba, amma bahar, wato kogin, yana ta hawa, ya yi jajawur saboda lakar da ya kwaso. A watan Agusta da farkon Satumba yake kai maƙura.

To ana iya sanin zuwansa kafin ya iso?

Faidan kam yana sallama. Akwai ma'aunin ruwa a Daim, kusa da iyakar Habasha, kuma ruwan da aka auna a can sai ya yi kwanaki kafin ya kai Hartum. A 2020 kowa yana jin alƙaluman a rediyo kullum, har ruwa ya haura mita 17 da rabi a Hartum, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna kogin sama da shekara ɗari. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a farkon Satumba. Mutum fiye da 100 suka rasu, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace. An ji gargaɗin, amma talaka da yawa ba shi da inda zai kai iyalinsa da awakinsa.

Sel fa?

Shi ne ya fi ba ni tsoro, domin ba ya sallama. Khor, wato kwarin da ruwa ke bi, yakan yi shekara biyar ko goma a bushe, yara suna ƙwallo a cikinsa, har mutane su manta cewa hanyar ruwa ce. Ƙasar da ta daɗe cikin zafi takan ƙeƙashe, ba ta shan ruwa da sauri, ga shi an sare itatuwan da za su rage masa gudu an yi gawayi. Idan aka yi ruwa a kan duwatsu can nesa, cikin sa'o'i kaɗan sai ya iso da itace da duwatsu da mushen dabbobi, sau da yawa cikin dare.

Mutanen Kasala sun san wannan a wajen kogin Gash, wanda ke gangarowa daga Iritiriya. Yawancin shekara yashi ne kawai, amma a 2003 ya fasa ya shiga gari ya yi mummunar ɓarna. Dattawan Hartum kuwa har yau suna lissafi da 1988: a farkon Agusta aka yi ruwan da ya haura milimita 200 cikin ƙasa da kwana guda, fiye da abin da birnin yake samu a shekara, mutum sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A ƙarshen Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda garin Fot Sudan yake shan ruwanta, ta fashe bayan kwarin da ke cika ta ya kawo ruwa fiye da ƙarfinta. Ƙauyuka kusan 20 ruwa ya share, garin kuma ya shiga matsalar ruwan sha.

Me ya sa gidaje suke zubewa da yawa haka?

Yawancin gidajenmu jalus ne, ginin laka da ake shafe bayansa da zibala, wato kashin dabbobi da aka kwaɓa. Ginin yana da sanyi, yana da arha, kuma yana jure ruwan da ya sauka daga sama ya wuce. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa. Na taɓa tsayawa ina kallon katangar maƙwabcinmu kwana biyu bayan an ɗauke ruwa. Samanta a bushe, amma ƙasanta ya yi baƙi, kana danna yatsa yana nutsewa kamar tuwo. Da la'asar muka ji "dim", ta kwanta gaba ɗaya a kan angarib, wato gadon igiya, da yara suke kwana. Allah ya sa tun da safe uwar ta fitar da su. Mutane da yawa a irin wannan lokacin suke rasuwa, bayan an ce ruwa ya wuce an koma ɗaki.

Sai kuma inda aka yi ginin. A nan fari da ambaliya suke haɗuwa. Farin 1984 da 1985 ya kori dubban mutane daga Kurdufan da Darfur zuwa gefen Omdurman, yaƙe-yaƙe suka ƙaro wasu. Baƙo marar kuɗi ba ya samun tudu, filin da kowa ya ƙi shi ake bar masa, kuma sau da yawa filin nan cikin khor yake. Hausawanmu da ke unguwannin bayan gari sun san wannan sarai. Ƙara da magudanai da aka bari shara ta toshe, da tituna da aka ɗaga ba a yi musu isassun kwalbatoci ba, sai titin ya zama madatsa, ruwa ya koma cikin unguwa.

Madatsun ruwa suna taimakawa ko ƙara ɓarna suke yi?

Madatsar Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966 an gina su ne domin ban ruwa da lantarki, ba su da cikin da zai riƙe dukan ruwan kharif. Babbar madatsar Habasha da ke kan Shuɗin Nilu, mai ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74, tana iya rage kaifin faidan, amma sai idan masu buɗe ƙofofinta suna sanar da Sudan a kan lokaci. Ƙananan madatsun ƙasa su ne abin damuwa idan ba a gyara su: ta Bout a jihar Shuɗin Nilu ta fashe a ƙarshen Yulin 2020 ta rushe ɗaruruwan gidaje.

Sauyin yanayi ne, ko dai ƙaddara ce kawai?

Mun yi imani da ƙaddara, kuma mun san an umarce mu da riƙo da sababi. Iska idan ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka ruwan da a da ake yi cikin mako yanzu yana iya zubowa a dare ɗaya. A 2024 hadari ya hau arewa fiye da yadda aka saba, aka yi ruwa mai yawa a Abu Hamad da yankin Dongola, inda mutane ba sa ma yin rufin ɗaki da tunanin ruwan sama. Sai dai ba zafin duniya ne ya toshe magudana ba, ba shi ne ya raba filaye a cikin kwari ba. Wannan aikin mutane ne, kuma hukuma ce ta fi kowa alhakinsa.

Idan ruwa ya janye, an huta ke nan?

A lokacin ne ma wata wahalar take farawa. Masai ya rushe ya haɗu da rijiya, mai kuran jaki ya ɗebo ruwan da ya samu ya sayar, a zuba a zir, wato randa, a sha. A Agustan 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara wadda ta faro daga jihar Kasala, ta kuma tarar da ƙasa cikin yaƙin da ya fara ran 15 ga Afrilun 2023, asibitoci da yawa a rufe, miliyoyin mutane a makarantu da tantuna. Kududdufai suna haifar da sauro, sai zazzaɓin cizon sauro da dengi. Kunamu da macizai da ruwa ya koro suna shiga cikin kaya. Gonakin bakin kogi sun nutse, hatsin rumbu ya jiƙe, farashi ya tashi.

A wannan lokacin a tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar kulorin. Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ana ba shi ana tafiya asibiti.

Unguwa za ta iya kare kanta?

Mutanen tsibirin Tuti, a tsakiyar Hartum, sun nuna ana iyawa. Tun ambaliyar 1946 suke da tsarin da suke kira taya: an raba gaɓar tsibirin kashi-kashi, kowane kashi da rumfarsa da mutanen da ke gadinsa dare da rana. Idan wani wuri ya fara yoyo sai a yi shela, kowa ya rugo da buhunan ƙasa. Gayya ce irin tamu, wadda a nan ake kira nafir, kuma da wannan sunan matasan Hartum suka fito aikin ceto a ambaliyar 2013.

Abin da unguwa za ta kwaikwaya shi ne a fara tun watan Yuni. A yashe magudana, a tanadi buhuna, a zagaye gindin katanga da ƙasa yadda ruwa zai gangara waje, a sa takardun gida cikin leda a rataye sama. A kuma ajiye lambar wayar wani da ke zaune can saman kwarin, wanda zai bugo idan ya ga ruwa ya taso, a yarje tun yanzu wane masallaci ne zai yi shela da lasifika da kuma tudun da za a kai tsofaffi da yara.