Kafin ka ɗauki sanda ko maganin feshi, san wanda ke bayan gidanka

Tambayar da aka fi yi mana a aikin malamin gona ita ce, "Malam, wane magani zan fesa?" Da wuya ka ji wanda ya fara da, "Wannan ƙwaron mene ne shi, me yake ci?" Alhali kuwa a bayan gida ko ɗan lambun da ke tsakar gida, halittun da ke yi mana ɓarna ba su kai masu amfani yawa ba. Maganin feshi kuma ba ya tantancewa, duk wanda ya samu kwantar da shi yake yi.

Hanyar gane su ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri, don ba duka suke fitowa lokaci guda ba. Kowane yanayi na shekara da nasa baƙin.

Da zarar ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙa, kwaɗi ne ke fara sanarwa. Ba daga sama suka faɗo ba, suna nan tun bara, sun binne kansu cikin ƙasa ko ƙarƙashin duwatsu suna jiran laima. Kukan da suke cika dare da shi na maza ne, suna kiran mata. Ka bar su. Kwaɗo yakan kwana yana lashe tururuwa, tsutsotsi da ƙananan ƙwari waɗanda da su ne za su far wa shukarka. Ita ma tana, wato tsutsar ƙasa, a lokacin take tasowa, tana huda ƙasa iska da ruwa su shiga, kashinta kuma taki ne. Idan ka tona lambunka ba ka ga tana ko ɗaya ba, ƙasar na neman ruɓaɓɓen ganye da taki.

Sauro kam babu sulhu da shi. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo mako guda ne ko kwana 10, kuma ruwan da ya taru a gwangwani ko tsohuwar taya ya ishe shi. Zubar da irin wannan ruwa duk mako ya fi feshi aiki, kuma ba ya kashe kowa sai shi.

Idan shuka ta yi fure sai ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su zo. Suna shan ruwan fure, suna kwasar garinsa a jikinsu daga wannan zuwa wancan, da haka shuka ke yin 'ya'ya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da ake ci a duniya suna dogara da irin wannan aiki, ko da ɗan gwargwado. Shi ya sa aka ware 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma ta duniya. Idan feshi ya zama dole, kada a yi shi kan fure da rana tsaka, a bari sai yamma lis lokacin da suka koma.

Akwai abin da ya faru a ƙasar Sin da ya kamata kowa ya sani. A 1958 gwamnati ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara, don an ce gwara na cinye hatsi. Aka yi ta kaɗa gwangwani ana hana tsuntsayen sauka har su faɗo don gajiya, aka fasa ƙwansu. Abin da ba a lissafa ba shi ne gwara na ciyar da 'ya'yanta da ƙwari. Da ta yi ƙaranci sai fara da sauran ƙwari suka samu sake, ɓarnar ta ƙara tsananta yunwar da aka shiga a shekarun. A 1960 aka cire gwara daga jerin.

Bayan girbi ɓera ke matsowa kusa da gida, maciji kuma ɓera yake bi. Mujiyar da mutane ke jifa saboda kukanta, ita kaɗai tana cin ɗaruruwan ɓeraye a shekara. Maciji dai a yi hattara da shi: a share ciyawa kusa da ɗaki, a ɗaga itace daga ƙasa, a riƙe fitila da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Wanda aka sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti nan take.

Lokacin sanyi na tsuntsaye ne. Wasu da kake gani baƙi ne daga nesa, kamar tsattsewar da ke barin Turai ta tsallaka Sahara ta yi watanni a Afirka, sannan ta koma. Inda ƙanƙara ke sauka kuwa, bushiya barci take shiga har yanayi ya sassauta.

Idan fari da zafi suka tsananta, wuri kan yi tsit, sai ka ɗauka babu kowa. Suna nan, cikin busasshen ganye da ƙarƙashin ɓawon itace. Mai tara ganye ya cinna wuta, masu yi masa aikin baɗi yake ƙonawa. A tara shi a kusurwa nesa da ɗaki ya ruɓe. A ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko marar zurfi, a riƙa sauya shi bayan kwana biyu saboda sauro.

Iyaye, ku ba yara littafi su riƙa rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi: ranar da kwaɗi suka fara kuka, ranar da wani tsuntsu ya iso, abin da ƙadangare ya kama. Abin da ba a gane ba a ɗauki hotonsa a nuna wa malamin gona. A kuma ja musu kunne, kallo ake yi ba kamawa ba. Jemage da aka tsinta a ƙasa ba a taɓa shi da hannu, don yana iya ɗauke da cutar haukan kare. Wanda ya taɓa kwaɗo ko ƙadangare ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai shi baki ko ido.