Jini ya daidaita, amma sankarar ba ta tafi ba

A Katsina za ka ji dangin mara lafiya na cewa: "An gwada jini, komai ya daidaita, ai ya warke." Daga nan sai a ajiye magani, a daina zuwa asibiti. Ga mai sankarar jini, wannan kuskure yana iya cin rai.

Tushen ciwon a ɓargo yake. A can akwai 'yan tsirarun ƙwayoyin halitta, su ne iyayen da ke haifar da sauran gurɓatattun. Masanin kimiyya John Dick da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka nuna su a 1994. Yawancinsu a kwance suke, ba sa saurin hayayyafa, alhali masu saurin hayayyafa ne maganin kemo ya fi kashewa. Suna maƙale a lungunan ɓargo, wasu har da sunadaran da ke fitar da magani waje. Manomi ya san wuta-wuta: ka tuge ta tas, irinta na cikin ƙasa yana jiran wata damina.

A nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali da ake kira CML, maganin imatinib yana toshe BCR-ABL, sunadarin da ke sa gurɓatattun ƙwayoyin hayayyafa, jini ya gyaru, amma iyayen nan suna rayuwa ko an toshe shi. Shi ya sa kusan rabin waɗanda likita da kansa ya dakatar wa magani, bayan shekaru na kyakkyawan sakamako, ciwon yakan dawo musu, galibi cikin wata shida. Ina ga wanda ya daina da kansa?

Masu bincike yanzu iyayen suke hari. Maganin venetoclax yana toshe BCL-2, sunadarin da ke hana su mutuwa, kuma ana haɗa shi da wani magani, azacitidine, ga tsofaffi masu AML, nau'in sankarar jini mai saurin tsananta.