Ma'anar "nebula", da wadda haskenta na aro ne

Tun da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara sakin hotuna a 2022, kalmar "nebula" ta shiga bakin kowa. Duk hoton sama mai launi sai a ce nebula, a kuma bi shi da bayanin wai tauraro ne ya fashe ko hayaƙi ne ke ci da wuta. Kalmar Latin ce, ma'anarta hazo. Tarin ƙura ne da iskar gas a tsakanin taurari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin goron da ake yi musu. Akwai wadda haskenta daga jikinta yake fita: tauraro mai tsananin zafi kan daki iskar haidurojin ɗinta, ta yi ja. Akwai kuma wadda ba ta da ko ƙyalli nata, ƙurarta kawai ake gani. Hasken tauraron da ke kusa ne ke faɗawa kanta ya warwatsu, kamar yadda ake ganin ƙura na yawo idan rana ta leƙo ɗaki ta ƙofar taga. Ita nake kira mai hasken aro, kuma a wurina ta fi kyau nesa ba kusa ba. A 1912 masanin taurari Vesto Slipher ya auna hasken hazon da ke kewaye da taurarin Kaza da 'Ya'yanta, ya tarar irin na taurarin ne sak.

Dubi wata mai hasken aro, IC 2118, wadda ake wa laƙabi da Kan Mayya. Fitilarta ita ce Rigel, ƙaton tauraro shuɗi da haskensa ke tafiyar shekara wajen 860 kafin ya iso mu. Sunansa ma daga Larabci ne, rijil, wato ƙafa. Shuɗin wannan hazo ba fentin kwamfuta ba ne, kamar yadda wasu ke cewa. Tauraron shuɗi ne, ƙananan ƙwayoyin ƙura kuma sun fi warwatsa shuɗi a kan ja.

Masu ɗaukar hoton sama don sha'awa su suka san wannan bambanci a jikinsu. Ja mai hasken kanta, ana iya sa wa kyamara matacin haske mai barin jan kaɗai ya wuce, a ɗauke ta ko a tsakiyar birni. Mai hasken aro kuwa, matacin zai tace ta tare da fitilun titi, tunda haskenta ya ƙunshi dukan launuka. Dole mutum ya nemi wuri mai duhu a daren da babu wata, ya yi sa'o'i yana ɗauka, sannan ya ɗora hotunan kan juna. Ga shi Rigel na dab da ita, da ya leƙo gefen hoton sai ƙyallinsa ya mamaye komai.

Wanda ke shakkar cewa launin daga tauraron yake, ya nemi hoton tauraron Antares. Shi jan ƙato ne, ƙurar da ke gefensa kuwa ruwan ɗorawa take fitowa.