Waiwaye: Yaushe Matashin Direba Ke Isa Shiga Babbar Gasar NASCAR?

A watan Nuwamban 1992, a filin tsere na Atlanta da ke Amurka, Richard Petty ya yi tserensa na ƙarshe yana da shekara 55. A wannan ranar ce kuma wani saurayi ɗan shekara 21, Jeff Gordon, ya fara shiga gasar Cup, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci na NASCAR. Daga nan muhawarar da ake yi har yau ta samo asali: shekara nawa, ko tsere nawa, ake buƙata kafin a damƙa wa yaro mota mai gudun kusan kilomita 320 a awa, a tsakiyar motoci kusan arba'in?

Kafin Gordon, wannan sana'a ta manya ce. Tun da Bill France ya kafa NASCAR a 1948, al'adar ita ce direba ya daɗe yana shan ƙura a ƙananan filayen jihohin kudancin ƙasar Amurka, yana gyara motarsa da hannunsa, sannan wani mai mota ya yarda da shi. Dale Earnhardt yana dab da cika shekara 28 ya fara cikakkiyar kakarsa ta farko a 1979. Bobby Allison ya lashe Daytona 500, tsere mafi shahara a gasar, a 1988 yana da shekara 50, Harry Gant kuma ya ci tsere a 1992 yana da 52. Masu motoci sun fi son wanda zai dawo musu da mota lafiya, domin tseren mil 500 na mai haƙuri ne da sanin lokacin da za a lallaɓa taya.

Gordon ya rushe wannan lissafi. A kakarsa ta farko ya farfasa motocin mai ƙungiyarsa Rick Hendrick ba kaɗan ba, amma Hendrick ya daure. A 1995 ya zama zakara yana da shekara 24, ya ƙara a 1997 da 1998 da 2001. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyi suka ga fuska sabuwa mai sayar da kaya, sai kowace ƙungiya ta bazama neman nata Gordon. Abin da da yawansu suka manta shi ne Gordon ya fara tsere tun yana ɗan shekara biyar, ya kuma yi kaka biyu cikakku a gasa ta biyu, wadda a lokacin ake kira Busch.

Casey Atwood na cikin waɗanda wannan gaggawa ta ci. Ray Evernham, tsohon shugaban makanikan Gordon, ya ɗora shi a motar Dodge a 2001 yana da shekara 20. Bayan kaka ɗaya aka mayar da shi wata ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, kafin 2002 ta ƙare ya rasa kujerar. Yana da shekara 22 aka yanke masa hukuncin cewa bai iya ba, alhali a shekarun baya ba kasafai mai irin shekarunsa yake kaiwa ko ƙofar gasar ba.

Dokar shekaru kuwa ta zo ne ta wata hanya da ba a zata ba. A ƙarshen 2001, Kyle Busch mai shekara 16 yana tuƙi a gasar Truck, mataki na uku, sai aka hana shi tsere a Fontana ta jihar Kalifoniya, saboda kamfanin taba na Marlboro ne ke ɗaukar nauyin babban tseren wannan mako, kuma yarjejeniyar da kamfanonin taba suka yi da jihohin Amurka a 1998 ta hana 'yan ƙasa da 18 shiga irin wannan taro. Ba da jimawa ba NASCAR ta sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekaru a manyan gasanninta uku. Lokacin makoki ne ma: Adam Petty, jikan Richard, ya rasu a filin New Hampshire a 2000 yana da shekara 19, Earnhardt kuma ya rasu a Daytona a Fabrairun 2001. A 2013 aka sassauta, aka bar 'yan shekara 16 su shiga gasar Truck a gajerun filaye da masu lanƙwashe-lanƙwashe. Shekara guda bayan haka Cole Custer ya ci tsere yana da 16.

Labarin da ya fi kowane bayyana lamarin, a ganina, shi ne na Joey Logano. Tun yana ɗan shekara 15 gogaggen direba Mark Martin ke yabonsa a bainar jama'a. Da Tony Stewart ya bar ƙungiyar Joe Gibbs, sai aka miƙa wa Logano mota mai lamba 20 a 2009, yana da shekara 18, motar da ta ɗauki kambu sau biyu. A watan Yuni ya ci tseren New Hampshire da ruwan sama ya katse, ya zama mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa cin tseren Cup. Daga nan sai abu ya tsaya cik. Cikin shekara huɗu nasara biyu kacal ya samu, aka ba Matt Kenseth kujerarsa. Da Roger Penske, mai wata ƙungiyar, bai ɗauke shi a 2013 ba, da wataƙila yau ana lissafa shi tare da Atwood. Wannan yaron da aka ce an yi gaggawar kawowa shi ne ya zama zakara a 2018 da 2022 da 2024. Ba wata baiwa aka ƙara masa a gidan Penske ba. Ya je can ne da tsere sama da 140 a bayansa, waɗanda Gibbs ya biya kuɗinsu, wani ya ci riba.

Nasarar wuri ma ba hujja ba ce. Trevor Bayne ya lashe Daytona 500 a 2011, kwana ɗaya bayan cika shekara 20, a tserensa na biyu a Cup, bai kuma sake cin wani ba. Chase Elliott kuwa, wanda ya gaji motar Gordon a 2016, sai a tserensa na 99 ya fara nasara, a 2018, ya kuma ɗauki kambu a 2020.

Abin da ke damuna shi ne, a daidai lokacin da ake kawo yara da wuri, an rage wuraren da za su koya. NASCAR ta taƙaita gwajin mota a 2009 don rage kashe kuɗi, ta hana gwajin ƙashin kai gaba ɗaya a 2015. Annobar korona ta share atisayen kafin tsere a 2020, da aka dawo da shi kuma bai kai rabin awa ba a yawancin filaye. Tun 2017 aka fara ƙayyade yawan tseren da gogaggun direbobin Cup za su shiga a ƙananan gasanni. An yi haka ne don yara su samu damar cin kofi, amma yaron da ba ya bin bayan gwani a kwana, a ina zai ga yadda gwani ke taka birki? Sai kuma sabuwar motar gasar Cup, Next Gen, da aka kawo a 2022, mai giya biyar da noti ɗaya a kowace taya da tsarin ƙafafun baya na daban, wadda ba ta yi kama da motar gasa ta biyu ba. Wanda ya gagara a ƙasa, idan ya hau sama, kusan sabon ɗalibi ne. Abin da ya rage masa shi ne na'urar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta. Ba a raina ta, domin William Byron a wasan iRacing ya fara, ya kuma lashe Daytona 500 a 2024 da 2025. Amma shi ma sai a kakarsa ta uku ya fara cin tseren Cup.

Akwai kuma batun kuɗi da gida. Ty Gibbs jikan mai ƙungiya Joe Gibbs ne, kuma ba wanda ke musun saurinsa, tunda ya ɗauki kambun gasa ta biyu a 2022. Amma a waccan kakar, a Martinsville, ya buge abokin ƙungiyarsa Brandon Jones a zagayen ƙarshe ya raba shi da damar shiga tseren kambu, 'yan kallo suka yi masa ihu. Da yawa daga masu cewa yara ba su isa ba, irin wannan suke nufi: sanin wanda za ka ture da wanda za ka ƙyale, da tuna cewa mako mai zuwa za ku sake haɗuwa. Custer kuwa an mayar da shi gasa ta biyu a 2023 bayan kaka uku a Cup, ya ɗauki kambu a can, ya dawo sama a 2025.

Wanda idanu suka koma kansa bayan su shi ne Connor Zilisch, haifaffen 2006. Ya ci tserensa na farko a gasa ta biyu a Watkins Glen a 2024, makonni kaɗan bayan cika 18, ya ci goma a 2025, duk da karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da ya samu lokacin da ya faɗo daga kan motarsa yana murnar nasara. Kambun ya kuɓuce masa a tseren ƙarshe a Phoenix, inda Jesse Love ya ɗauka. Ƙungiyar Trackhouse ta ba shi kujerar dindindin a Cup daga kakar 2026, yana da shekara 19, bayan cikakkiyar kaka ɗaya tak a mataki na biyu, rabin abin da Gordon ya yi.