Waiwaye: Tsutsar Ciki da Cutar MS

Cutar da likitoci ke kira MS tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya, ta riƙa cin rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, ciwon ya lafa, can kuma ya sake tashi. Ta fi yawa a Kanada da arewacin Turai, ta yi ƙaranci a ƙasashen da tsutsar ciki ta zama ruwan dare. Daga nan zargin cewa tsutsar ciki na iya kare mutum daga MS ya samo asali.

Tun 1966 wani bincike a Isra'ila ya nuna cutar ta fi kama waɗanda suka tashi a gidaje masu tsabta. A 1989 David Strachan na Ingila ya kawo ra'ayin cewa yaron da bai yi cuɗanya da ƙwayoyin cuta ba, garkuwarsa kan tashi ba tarbiyya. Shi kan mura mai atishawa ya yi magana, wasu suka ja zancen zuwa MS.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne aikin Jorge Correale da Mauricio Farez a Ajantina, a 2007. Sun bi masu MS 12 da ke ɗauke da tsutsa, da wasu 12 da ba su da ita, sama da shekara huɗu. Ciwon ya tashi sau 3 a wajen masu tsutsa, sau 56 a wajen sauran. Daga baya aka ba huɗu maganin tsutsa saboda ta dame su, sai MS ɗin ta farfaɗo. Bayanin da aka bayar yana da ma'ana: tsutsar da ke son ta daɗe a hanji dole ta lallashi garkuwar jiki, kuma lallashin kan kai har ga jijiyoyi. Amma mutum 24 ba su isa a kafa hujja da su ba.

Da aka zo gwaji na gaske, sai gwiwa ta yi sanyi. A Wisconsin ta Amurka, John Fleming ya shayar da marasa lafiya ƙwan tsutsar alade, sauƙin da aka gani kaɗan ne. A Denmak ba a ga komai ba. A Nottingham aka ɗauki mutum 71, aka liƙa wa rabinsu 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya 25 a fata. Sakamakon 2020 bai nuna bambancin a-zo-a-gani ba a hoton ƙwaƙwalwa.

A ganina an haɗa abu biyu ne daban: tsutsar da yaro ya girma da ita, da wadda aka ɗura wa baligi bayan ciwo ya kama shi. Sannan ƙarancin MS a ƙasashenmu sai an yi hattara da shi, domin inda na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da likitan jijiya suka yi wuya, ba kowane mai cutar ake ganowa ba. Cutarwar tsutsa kuwa, irin ƙarancin jini da tsumburewar yara, ba ta da tababa.

Tun 2022 hankali ya fi karkata ga wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, bayan masana a Harvard sun duba bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga kamuwa da ita na ninka haɗarin MS sau 32.